Na Je Minna An Yi Mini Allura a Cikin Ido

Ana sallame sallar asuba muka tayar da mota daga Kontagora, mu uku: ƙanena a sitiyari, ni a gefensa, maiɗakina a baya riƙe da kular abinci da fayil ɗin takardun asibiti. Masu ta kirana a waya suna tambayar inda na shiga kwana biyu, ga amsarku. Minna na je, kuma abin da ya kai ni shi ne a soka mini allura a cikin ƙwayar ido.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin dabbobi ne. Na haura shekara ashirin ina bin rugage a kan babur ina yi wa shanu allura. Idona na hagu ya daɗe da samun matsala. Shekara shida da suka wuce wani duhu ya zo ya zauna a tsakiyarsa, na yi ta sayen maganin ɗigawa a kemis ina cewa zai wuce, har ya zama tabo. Ina ganin gefe-gefe da shi, amma duk abin da na kalla kai tsaye ba ya nan. Na dama ne ke riƙe da ni, da aikina, da gidana. To wajen sati biyar da suka wuce shi ma ya fara. Na kalli turken wutar lantarki na ƙofar gidanmu na ga ya yi ciki kamar baka. Bakin ƙofa ya karkace, layukan littafi suka zama kamar sawun maciji. Ranar da na ɗaga sirinji a wata ruga na kasa karanta awon maganin da ke jikinsa, sai na ce wa mai shanun zan dawo, na tura babur gindin wata ɗorawa na zauna. Abin da ya zo mini a rai shi ne abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Likitan ido na garinmu ya duba, ya ce ciwon yana can ƙuryar ido inda kayan aikinsa ba sa kaiwa. Ya rubuta mini takarda zuwa wani asibitin ido a Minna, inda wata ƙwararriya ke zuwa daga Abuja duk wata ta yi kwana biyu.

A bakin gari muka ɗan dakata gari ya waye sosai, sannan muka bi bayan motocin haya, don kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, ba a son mota ta tafi ita kaɗai. Damina ta yi kyau bana. Masara ta fi mutum tsawo, dawa ta fara ɗaukar ciki, ko'ina kore shar. Ita kuwa kwalta, ruwa ya cike ramukanta, ba ka sanin wanne ne na wasa wanne ne rijiya sai ka faɗa. Dabarar ƙanena ita ce ya zuba wa tayar motar gabanmu ido, inda ta nutse ya kauce. Na ce masa ni fa titin a murɗe nake ganinsa. Ya ce, "Yaya, wannan kam ba laifin idonka ba ne, haka yake." Dariyar farko ke nan da na yi cikin sati guda.

A Tegina muka karya. Shayi mai kauri, ƙosai da zafinsa, da wainar da aka yi wa ruwan ƙuli. Ƙosan ya ƙanƙance idan aka kwatanta da na bara, kuɗinsa kuma ya girma, amma mai tuyar ta yi mana gyara da hannu sake. Daga nan muka karya dama muka nufi Zungeru. Na bi gadar Zungeru ya fi sau ɗari, ban taɓa cewa a tsaya ba sai ranar. Kogin Kaduna ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana dukan duwatsu da ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Na tsaya ina kallonsa, ina kallon ƙarafan gadar jirgin ƙasa da suka lanƙwashe a idona, ina tunanin ko wannan ne ganina na ƙarshe da shi. Maiɗakina ta bar ni ina kallo. Ta sayi busasshen kifi wurin matan bakin hanya, ta dawo ta taɓa kafaɗata, muka shiga mota.

Mun dace da ranar kasuwa a Beji, don haka sai da muka yi kusan rabin awa muna rarrafe tsakanin motocin kaya. Sabuwar doya ta shigo. An jera ta tsibi-tsibi har bakin titi, wata ta kai cinyar mutum, ƙasar gona ba ta ma bushe a jikinta ba. Matan Gbagyi na ta fitowa daga hanyoyin ƙauye da kaya a kafaɗa, suna tafe a miƙe kamar ba su ɗauki komai ba. Maiɗakina ta sauka ciniki don kada mu shiga gidan Goggo, masaukinmu a Minna, hannu rabbana. Abin da ta biya na doya goma, a garinmu da ƙyar ya sayi shida, kuma har muka wuce Maikunkele tana cizon yatsa wai da ta sani ta ƙara.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Bosso, mashigar Minna. Minna tana nan yadda na san ta, duwatsu sun kewaye ta suna tara mata zafi, kekuna da 'yan acaɓa suna saƙa a titi kamar tururuwa. Asibitin ƙaramin gida ne a wajen Tunga, da za ka wuce shi ba ka kula ba. Aka yanka mini kati, aka sa ni karanta haruffan jikin bango. Da na hagu ko babban na sama ban gani ba sai na karkata kai. Da na dama na sauko layi huɗu na tsaya. Wata nas ta ɗiga mini maganin da ke buɗe baƙin ido, ta ce in jira. Kafin minti talatin duniya ta yi mini haske fau, yatsun hannuna ma suka zama dishi-dishi.

Daga nan aka kai ni wani ɗaki mai sanyi, gaban wata na'ura da ba ta fi akwatin talabijin ba. Ka ɗora haɓa, ka manna goshi, ka kalli wani ɗan koren haske a ciki. Wani jan layi ya gilma sau biyu uku. Babu abin da ya taɓa ni. Aka ce an gama.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana, Hausarta ta Zariya ce. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta ƙara girman hoton don in gani. Jama'a, gani ya kori ji. Na yanka dabbobi, na buɗe cikinsu, na san hanta da huhu da ƙoda, na ɗauka na san halitta. Amma ban taɓa sanin cewa a bayan ido akwai wani tantani da bai fi kaurin farce ba, kuma a cikinsa akwai hawa-hawa jere a kan juna, kamar yadda ake ganin launukan ƙasa a bangon sabuwar rijiya. Ta ce wannan tantanin shi ne ke ɗaukar hoton duk abin da muke gani. Ta nuna mini na mai lafiya: shimfiɗe lumui, da ɗan kwarmi a tsakiya. Wannan ɗan kwarmin, in ji ta, da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura. Sai ta nuna nawa. Inda ya kamata a ga kwarmi, tudu ne, ƙarƙashinsa kuma wani baƙi kamar kududdufi.

"Ruwa ne wannan, Malam," in ji ta. "Shi ya ɗaga tantanin, shi ya sa kake ganin abubuwa a karkace."

Ta ce ciwona ba irin na masu ciwon suga ba ne, ba kuma na tsufa ba, ba kasafai take cin karo da irinsa ba. Akwai wani daɓe a ƙarƙashin tantanin wanda nawa tun asali mai gautsi ne, yana tsagewa kamar simintin tsakar gida. To kamar yadda ciyawa ke fitowa ta tsagar siminti, haka wasu ƙananan jijiyoyin jini ke tsirowa ta wurin, kuma jijiyoyi ne marasa ƙwari, suna yoyo. Maganin ba ya liƙe tsagar. Abin da yake yi shi ne ya tare sinadarin da ke kiran jijiyoyin su tsiro, sai su yanƙwane, ruwan ya janye.

Na ce, "Likita, ni ma ɗan hannu ne a harkar allura. Ba za a yi ta a jijiyar hannu ba, ko a ba ni ƙwaya?"

Ta yi murmushi. "Ido yana da katangarsa. Abin da zai isa wurin ta jini bai taka kara ya karya ba. Sai an kai masa har gida."

Ba ta ɓoye mini komai ba. Na hagu ya riga ya yi tabo, allura ba za ta dawo da shi ba, kuma da na zo a wancan lokacin da wataƙila labarin ya bambanta. Na dama akwai kyakkyawan zato, tunda ban makara ba, amma ba ta yi alkawari ba. Za a yi sau uku, wata-wata, sannan a ga abin da hoto zai nuna. Kowace allura kuwa za ta ci kuɗin rago mai kyau. Ta ce in zo washegari da safe.

Muka bi ta Kpakungu zuwa Barkin Sale, unguwar su Goggo, ni da mayafin maiɗakina a fuska saboda hasken rana, yara a titi suna leƙen wannan ƙaton da ya yi lulluɓi. Goggo ƙanwar mahaifina ce. Kakan mijinta ya zo Minna tare da layin dogo yana sayar da goro a tasha, zuri'arsa ba su sake barin garin ba. Ta sa aka daka mana sakwara da doyar Beji, da miyar agushi da kifin Zungeru, irin sakwarar da ke miƙewa kamar danƙo. Na ci loma huɗu na tsame hannu. Da ta ji abin da za a yi mini, sai ta ajiye mafici.

"A ido? Cikin idon? Ɗan nan, ido fa ruwa ne. In aka huda ba tsiyayewa zai yi ba?"

Na shiga yi mata bayani da muryar masana, ina cewa abu ne mai sauƙi. Maiɗakina ta ce, "Goggo, dubi hannunsa." Kofin da ke hannuna yana ta kaɗawa. Goggo ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa!" Sannan ta daina dariyar, ta dafa kaina kamar ina ɗan shekara bakwai, ta yi addu'a mai tsawo.

Da safe na tarar da mutum shida a kan benci, kowa an yi masa ɗan alama da biro a saman girar idon da za a yi wa aiki. Kusa da ni wani dattijo ne manomin doya daga Garatu, hannunsa kamar bawon itace, da ɗan gicciye na katako a wuyansa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Na farko ne?" Na ce eh, Baba.

"Na gani. Ƙafa naka yana rawa." Hausarsa irin ta mutanen wajen ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Ni wannan na shida. Likita ɗin nan, hannu nashi kamar auduga. Kafin ni na ce Yesu, kafin kai ka ce Bismilla, ya gama."

Ya ce shi jijiya ce ta toshe masa a ido ɗaya. Bara sai da ya daina zuwa gona, don ya sare kan doya da fartanya ya fi a ƙirga. Yanzu shi ke karanta littafi a cocinsu, mai manyan baƙaƙe dai, amma yana karantawa. Da aka kira shi ya tashi ya shiga kamar mai zuwa aski. Ban gama karanta Ayatul Kursiyyu sau uku ba ya fito yana ƙifta ido, ya ɗaga mini babban yatsa. Sai aka kira sunana.

An sa mini hula da riga, aka kwantar da ni a wata kujera mai kishingiɗa. Na roƙi likita ta nuna mini allurar, don ni dai abin da ban gani ba ya fi ba ni tsoro. Ta ɗaga ta a gaban fitila. Wallahi sai da na ƙura ido kafin na same ta. Ba ta fi gashin jelar saniya kauri ba, tsawonta kuma bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Wadda nake soka wa bijimi, kusa da wannan, ƙusa ce. Maganin da ke cikin sirinjin kuwa bai wuce ɗigo ɗaya ba. Na yi tafiyar awa biyar, na kwana da fargaba, saboda ɗigo ɗaya.

Nas ta ɗiga maganin kashe zafi sau uku, ta wanke idon da kewayensa da aidin, jan ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, aka rufe fuskata da wani ƙyalle mai huda ɗaya. Aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe. Wannan ne ma ya fi damuna, don ido na son ƙiftawa an hana shi. Likita ta auna wani wuri a farin idon da ɗan ma'auni, ta ce, "Kalli sama, wajen hagu. Kada ka bi hannuna. Yi numfashi." Na ji an danna, kamar an dafa idon da yatsa. Na buɗe baki zan yi Bismilla.

Sai na ga maganin ya shigo. Da idona na gan shi, daga ciki. Wani abu ya taso daga gefe yana murɗawa a hankali, kamar madara idan an zuba ta a baƙin shayi ba a juya ba, yana naɗewa yana warwarewa a cikin hasken fitilar. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma babu wanda ke ganinsa a ɗakin sai ni. Na manta da ƙarfen, na manta da tsoro. Abin da na ji bakina yana faɗa shi ne Subhanallah.

"An gama," in ji likita. Ta cire ƙyallen, ta ɗaga hannu. "Yatsu nawa?" Na ce biyu. Ta ce madalla.

Da na tashi zaune sai na ga wani baƙin ɗigo, kamar ƙwayar barkonon masoro, yana gangarawa a ƙasan ganina. Duk inda na juya kai sai ya biyo ni. Na tsorata na gaya mata. Ta ce 'yar kumfar iska ce da ta bi maganin, za ta ɓace kafin kwana biyu. Sannan ta ƙara da abin da har yau nake juyawa a raina: kumfar a sama take, don iska sama take tasowa, amma ina ganinta a ƙasa saboda ido a kife yake ɗaukar hoton duniya, ƙwaƙwalwa ce ke miƙar da shi. Wato tun ranar da aka haife ni sama tana ƙasa a cikin idona, ana gyara mini ita kowane ƙiftawa, ban taɓa sani ba balle in gode.

Ta ba ni dokoki. Kada in murza, kada ruwa ya shiga na kwana uku, wajen alwala in bi kewayen a hankali. In na ji ciwo mai tsanani ko gani ya ragu, in kamo hanya ko da wane lokaci ne, kada in tsaya kemis. Kuma tunda daɓen idona mai gautsi ne, duka kaɗan na iya ƙara tsaga shi, don haka ba ni ba shiga garke sai da tabarau mai kariya. Na fito ina neman Baban Garatu in yi masa godiya, aka ce ya tafi, wai yana sauri ya tarar da masu yi masa kwasar doya. Ko sunansa ban tambaya ba.

Da maganin kashe zafin ya sake ni, sai idon ya zama kamar an watsa masa yashi, hawaye na zuba, ga wani ɗan jan tabo a farin. Na wuni kwance a ɗakin Goggo, ita kuma tana korar 'yan dubiya da mafici. Kafin magariba ya lafa. Washegari da sassafe muka yi sallama, ta cika mana but ɗin mota da doya da gari da man ja, har ƙanena ya ce motar ta zauna kamar kaza a kan ƙwai. Ruwa ya tare mu daga Zungeru har kusan Tegina, muka yi ta tafiyar hawainiya, ba mu shiga Kontagora ba sai bayan azahar.

Inna, mahaifiyata, tana zaure tana jira. Ko zama ban yi ba ta jawo ni bakin ƙofa wurin haske, ta ce in buɗe idon, ta duba ta sake dubawa tana neman huda. Da ba ta samu ba ta ce, "Ku dai faɗi gaskiya, doya kuka je ci."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya shige ni. Shekara shida da suka wuce na bar ido ɗaya ya tafi saboda ina ganin na san magani, alhali abin da na sani na shanu ne. Wanda ya ga layi ya karkace masa, ko wani duhu ya zauna a tsakiyar ganinsa, kada ya tsaya ɗige-ɗige, ya nemi masu duba ƙuryar ido tun ruwan bai zama tabo ba. Na kuma ga cewa Allah ya ajiye ilmi a hannun bayinsa fiye da yadda muke zato daga ƙauyukanmu, har a wani ƙaramin gida a Tunga. Sauran allura biyu suna gabana, ban san abin da hoto zai nuna ba, na hagu kuma ya tafi ke nan.

Yau kwana goma sha biyu da dawowarmu. Akwai wani abu da na ɓoye wa kowa a makonnin nan, har maiɗakina: fuskokin mutane sun daina fito mini daga nesa. Mutum zai taho, in ga riga da hula, tsakiyar kuwa a dame. Sai na koma sunkuyar da kai a hanya, kuma na ji labarin har an fara cewa malamin dabbobi ya yi kuɗi ya daina gaisuwa. Wanda abin ya fi ɓata wa rai shi ne wani tela maƙwabcinmu, abokina tun firamare, wanda na wuce sau biyu ban kula shi ba. Ɗazu da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga mutum ya ɓullo daga kwanar masallaci, tsakaninmu ya kai taku arba'in. Na ga gemun, na ga wushiryar, na ga yadda ya kawar da kai zai wuce. Na miƙe na ƙwala masa kira da sunan da muke tsokanarsa da shi a aji uku.

Ya tsaya cak. Ya juyo ya ce, "Au, yau ka gan ni?"

Na ce, "Wallahi yau na gan ka. Zo ka zauna in ba ka labari."